Man Kwakwa a Kafireton Baturiya

A'a, Mazina, dakata. Ki bar ni in kai aya, ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Na ji, na san shekaruna. Ba sai kin tuna min ba, gwiwoyina suna tuna min kullum da safe. Kunya? Kunyar wa? Mutanen Kolombo da ba su san ina raye ba sai ranar da suke neman motar da za ta ɗauki amarya? Ki gaya wa mijinki ya kwantar da hankalinsa, ba a zo rabon gadona ba tukuna, ga ni nan ina shan shayi. Au, kuka kuma? To yi kukanki, in kin fyace hanci ki sake kira.

Na kashe.

Ku yi haƙuri, jama'a, kun shigo kun tarar muna yi. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Tana aure a Kolombo, a wani gida da aka ɗora a kan gidajen mutane, sai ka shiga akwatin ƙarfe ya cilla ka sama kafin ka ga ƙofarta. Wanda bai san ni ba, ni ce Nona Surati ta kan dutsen Nuwareliya, gida na ƙarshe kafin a shiga gonar shayi. Ban yi makaranta ba. Magana nake yi, wayar nan take mayar da ita rubutu, saboda haka in kun ga kuskure ita za ku zaga, ta fi ni ilimi.

Rigimarmu da Mazina a kan namiji ne. Ita ta ce motata yake so. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, har zuwa safiyar jiya tsoron da nake ji ke nan, ban dai taɓa faɗa mata ba.

Bari in fara da motar, don ita ce babba a gidan nan.

Mijina marigayi, Tuwan Kicil, Allah ya ji ƙansa, direban Baturen gonar shayi ne. Tuwan a wurinmu kamar Malam ne, Nona kuma kamar Malama. Da Turawa suka tashi komawa ƙasarsu, ubangidansa ya bar masa wata 'yar koriyar mota ƙirar Ingila, kujera biyu, rufin tamfol, tayoyinta da wayoyi kamar na keke. Ya ce kyauta ce. Sai da muka zauna da ita muka gane Baturen kansa ya yi wa kyauta da ya rabu da ita. Muka sa mata suna Baturiya, don ba ta son sanyi, ba ta son zafi, ba ta cin abin da kowa yake ci, kuma in ta yi fushi ba ta faɗin dalili. Akwai haruffa a goshinta, mutane suna zuwa su karanta su dafe ƙirji. Ni ban san me suka ce ba, kuma hakan bai taɓa hana ta tashi ba.

Da farko riƙe fitila ne aikina. Daga nan miƙa sifana. Sifanunta ma daban suke, na zamani ba sa kama ƙusoshinta, sai nata na gado da suka zo a cikin wata jakar fata. Akwai lamba a jikin kowanne, amma ni da nauyinsu a tafin hannu na san su. Da idon Kicil ya fara dushewa, sai hannuna ya shiga cikin inji, shi yana zaune a kan gwangwani yana saurare yana cewa, "Ƙara kaɗan. Ya isa! Ke, na ce ya isa, ba wuyan kaza ba ne." Tuƙi ma a nan hanyoyin gona ya koya min, yana salati ina dariya. Da ya rasu ya bar min gida, ya bar min 'ya, ya bar min Baturiya. A cikin ukun, 'yar ce kawai ban iya gyarawa ba.

Duk Alhamis nake buɗe ta. In duba ruwan lagireto, in goge filogi, in zubar da farantin da nake ajiye mata a ƙasa, don ɗiga take kamar hancin mai mura. Sannan in zo kan kafireto. Ku saurara a nan, 'yan mata, kada anjima ku ce ban faɗa ba. Guda biyu ne a gefen inji, kamar butocin shayi da aka kife. Kowanne da ɗan murfi a ka. In ka kwance murfin za ka zaro wani siririn tsinke, sai ka ɗiga bakin mai a ramin, kaɗan, kamar ana ba jariri magani. A ciki akwai wani ƙarfe da yake ɗagawa in an taka totur don mota ta shaƙi iska, man nan shi ke sa ya ɗaga a hankali. In ƙarfen ya ƙi ɗagawa, mota ta shaƙe. Shi ke nan karatun, ba wani abin wuya ba ne.

Tun da na fita takaba maza suke hawo dutsen nan. Kada ku yi min murna. Su zo da kek a kwali, su ce, "Anti, kin ƙara kyau," idonsu yana bayan kafaɗata, can wajen gareji. Wani ma har aurena ya nema, yana faɗa yana shafa mata fitila. Na ce masa ya nemi izini wurin waliyyinta, yana maƙabarta. Shi kansa surukina, mijin Mazina, duk zuwan da zai yi sai ya gaida Baturiya kafin ya gaishe ni, kuma na ji yana gaya wa wani a waya irin kyan da za ta yi a ƙofar otal da furanni a goshi. Yanzu shawararsu ita ce in sauko Kolombo in zauna a akwatinsu na sama ina kallon hankaki, motar kuma su zo da babbar mota su ɗauke ta, wai don a adana min. Allah ya saka da alheri.

Ana cikin haka Tuwan Hamidon ya faɗo.

A wani biki a Badulla muka haɗu, Baturiya ce ta kai amarya. Shi kuma shi ya kawo dodol, baƙar alewar nan ta kwakwa da ake wuni ana tuƙawa. Mutumin Hambantota ne, can bakin teku inda rana take gasa mutum har ya daina gumi. Sana'arsa ke nan tun yana yaro, yanzu 'ya'yansa ke tuƙin, shi sai ɗanɗanawa da faɗa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Dogo ne, siriri, da baƙar hula da kunnuwa manya, hannuwansa kuwa kamar faranti. Ina tsaye ina kore yara daga jikin mota ya matso.

"Nona, wannan taki ce?"

"A'a, ni ce tata."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Mutum ya daɗe bai yi dariyar maganata ba, yawanci tsorata suke yi. Ya miƙo min dodol a ganye, na ci, na ce ya yi zaƙi da yawa. Ƙarya nake, ban taɓa cin kamarsa ba. Kafin a tashi ya karɓi lambata a wurin uwar amarya.

Sai rubutu ya fara shigowa wayata. Ni da rubutu sai kallo. Duk wanda ya turo, in danna masa hoton babban yatsa, don na ga haka mutane suke yi. Ana nan ana nan maƙwabciyata Kamalam, matar da ba a taɓa yin abu a kan dutsen nan ba ta sani ba, ta karɓi wayar ta duba. Ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Akka, kin san abin da kika yi?" Haka take kirana, wato yaya da yarensu.

"Me na yi?"

"Mutumin nan ya ce miki wansa ya rasu, kin aika masa da babban yatsa!"

"To ai gara da ban aika fure da dariya ba."

Ranar na danna na yi masa magana da bakina. Na yi masa ta'aziyya, na ce, "Tuwan, ni ba na karatu. In kana da magana ka faɗa da murya, in ba ka da ita ka bar wayata ta huta."

Ai kuwa murya ta fara zuwa. Kowanne saƙo da tari yake farawa, sai sallama, sai ya tambayi sanyi. Ina jin daɗi, ina gyara zama. Sai in ji: "Nona, yaya filogin Baturiya? An duba ratar bakinsu kuwa?" Washegari: "Nona, irin waɗannan motocin, ƙafar baya tana son girisi." Wata rana har sunan wani ƙarfe ya kira da Turanci wanda Kicil kaɗai na taɓa ji ya faɗa.

Na ce shi ke nan, ga wani mai kek ya zo, nasa dai baƙi ne a ganye.

Amma ban kore shi ba, kuma ga inda zan tona wa kaina asiri. Da ya fara hawowa ziyara, ni Surati da jikokin wasu suke kira kaka, na buɗe akwati na ciro shuɗiyar rigata mai aikin zare a wuya, na ɗaura zanin da ban ɗaura ba tun aurar da Mazina, na ɗora suwaita ruwan toka don kada a ce na yi kwalliya. Har kwalli na sa. Shi kuma ya iso a bas ɗin yamma, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce gajiyar hanya ce. Farin zani ne a jikinsa, da wata kwat ta aro da za ta ɗauki mutum biyu, da hular ulu mai rufe kunne a ƙarƙashin baƙar hularsa. Ya zauna a baranda, na kawo masa pittu, turararren garin shinkafa da kwakwa, da miyar tumbi mai yaji, ya ci yana hawaye. Na zauna nesa kaɗan ina jira ya ce wani abu game da shuɗiyar riga.

"Nona, ruwan burki fa, wane iri kike sa mata?"

A raina na ce, ruwan idonka. A fili na gaya masa.

Haka muka yi ta yi. Ya zo, ya kwana a ɗakin baƙi na masallacin gari, ya hawo da hantsi, mu zauna mu yi hirar ƙarfe kamar bakanikai biyu da aka kora daga aiki. In ya tafi in cire riga in ninke, in ce ba zan ƙara sawa ba. In ya turo murya cewa yana tafe, in ciro ta. Kamalam ta leƙo ta katanga ta ce, "Akka, yau ma motar ce ta yi baƙo? Na ga ke kika sa kwalli." Na ce mata ta je ta duba akuyarta tana cin shanya.

Ita ce kuma ta kai wa Mazina labari, ba sai an faɗa muku ba. Tun daga nan waya ba ta huta ba. Wai an ga tsohuwa ita kaɗai za a yaudare ta. Wai duk wanda ya san sunan kayan mota haka, ya san abin da za ta kawo a kasuwa. Wai in an ɗaura aure, motar ta gangara Hambantota, ni kuma a bar ni da farantin ɗiga. Ina ba ta amsa da baki mai kaifi, amma in na ajiye wayar sai in ji maganarta ta zauna min a ƙirji kamar ɗanyen rogo. Yarinyar ba ta da hankali sosai, amma wannan karon lissafinta ya yi kama da nawa.

Shekaranjiya da la'asar ya zo. Ya kawo dodol, ya kawo min kwalbar man kwakwa na gidansu, ya ce na kitso ne, nasu ba irin na kanti ba ne. Bayan ya sha shayi ya ce, "Nona, ki ba ni izini in gaida Baturiya."

Ka ji. Na ce, "Ƙofa a buɗe take."

Na shiga kicin na ɗora albasa. Tagar kicin ɗina tana kallon gareji, Kicil ne ya fasa ta haka don in riƙa miƙo masa shayi. Na ɗan ɗage labule.

Jama'a, mutumin nan ya tsaya a gaban mota yana laluben inda ake buɗe ta. Ita kuwa ta gefe ake ɗaga murfinta, kamar fiffiken kaza. Ya ja nan, ya danna can, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya ciro waya ya kalli wani abu, ya mayar, ya zagaya, da ƙyar ya samu. Da ya ga inji sai ya ja da baya kamar ya buɗe kwando ya ga maciji. Ya sake duba waya. Ya kai hannu kan murfin kafireto, ya murɗa ta inda ake ɗaurewa, ya yi ta fama, sannan ya gane ya juya. Ya zaro tsinken, ya riƙe shi da yatsa biyu. Sai ya sa hannu a aljihun cikin kwat, wanda yake manne da ƙirjinsa, ya ciro wata 'yar kwalba.

Na san kwalbar. Ƙanwar wadda ya ba ni ce.

Ya yi bismilla, na ga leɓensa. Ya tsiyaya man kwakwa a na farko, ya cika shi taf. Ya koma na biyu. Ya rufe, ya goge da gefen zaninsa, ya ɗan shafa ta kamar yadda ake shafa saniyar da ake tsoron ta yi harbi.

Na zame na zauna a ƙasan kicin, na cusa mayafi a baki. Dariya nake, hawaye yana zuba, albasa tana ƙonewa. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta. Ku da kuke ƙasa inda ake zafi ba za ku gane ba. A Hambantota man kwakwa ruwa ne tun ranar da aka tatse shi har ya ƙare. Da shi suke shafa kai, da shi suke suya, da shi suke sa wa keke da ƙofa mai ƙara. A nan kan dutse kuwa, kafin gari ya waye ya yi barci, ya zama fari, sai an sa cokali an ƙwaƙulo. Nasa bai yi barci ba don yana jikin ƙirjinsa. Wanda ya ba ni tuni ya fara farin gindi a kan kanta.

Da na gama dariya sai na yi tunani. Rashin sani ba shi ne gaskiya ba. Ina so in ji daga bakinsa. In mota ta shaƙe ya ce laifin tsufanta ne, ko ya ce gyaran mace ne, ko ya taɓa aikin Kicil, to ya ɗauki hulunansa biyu ya gangara. Na wanke fuska na fito.

"Tuwan, gobe da sassafe ka zo, mu zaga da Baturiya bakin tafki."

"Da sassafe?"

"Kafin rana ta fito. Ta fi daɗin tafiya."

Jiya ke nan. Sanyi ya sauka har ciyawa ta yi furfura. Na sa shuɗiyar riga, wannan karon ban ɗora suwaita ba, na yafa jan mayafin ulu, na cika fulas da shayi. Kullum sai na bar Baturiya ta yi ɗumi a gareji kafin in fita da ita. Da a ce na yi haka jiya, zafin inji zai narkar da man, asirinsa ya rufu, ni kuma in ci gaba da zama da rogo a ƙirji. Ban bari ba. Yana isowa yana rawar ɗari na miƙa masa makulli.

"Ga ta, ka tuƙa."

Duk masu kek, wannan makullin suke mafarki. Shi kuwa ya ɓoye hannuwansa a baya. "Nona, ai... wuyan hannuna yana ɗan ciwo."

"Allah ya sawwaƙe. Shiga."

Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga, gwiwoyinsa har haɓa. Na ja cok, abin da ke taimaka mata tashi a sanyi, na tayar, ta amsa. Ban ba ta ko numfashi ba na sa giya. Daga ƙofar gidana hanya hawa ce tsaye. Na taka totur. Ta yi tari. Na ƙara takawa, ta yi atishawa, ta yi tsalle kamar akuya, ta ɗan ja mu har daidai inda mata masu tsinkar shayi suke taruwa da kwandunansu, sai ta mutu murus. Na ja burkin hannu. Ga mata cike da hanya, ga Kamalam da bokiti, kamar an aika mata goron gayyata.

"Tuwan, sauka ka sa dutse a bayan taya."

Ya sa a gaba. Wata yarinya ta gyara masa.

Na harɗe hannu. "To, malamin mota, me ka gani?"

Ya share goshi, a cikin wannan sanyin gumi yake. "Wataƙila... filogi ne."

"Wataƙila."

"Ko batir."

"Ko batir."

"Ko kuma ƙafar baya."

"Ita ma takan hana mota numfashi, in ta ga dama."

Mata suka fara ƙyalƙyalewa. Na ɗaga fiffike, na kwance murfin farko, na ja tsinke. Da ƙyar ya fito, da wani farin dunƙule a jikinsa kamar kyandir. Na kai hanci, na shinshina a hankali don kowa ya gani.

"Ikon Allah. Shekara da shekaru ina tare da baiwar Allah nan, ban san tana tuƙa dodol a ɓoye ba."

Kamalam ta ajiye bokiti don ta ji daɗin dariya. Ni ban yi ba. Shi nake kallo, don yanzu ne zai faɗi abin da zai sa ya zauna ko ya tafi.

Ya zura wa dunƙulen ido. Ya taɓa shi da yatsa. "Wannan man nawa ne?"

"Kai za ka faɗa."

"Nawa ne. Ni na zuba jiya. Amma wallahi ruwa ne na zuba! Me ya same shi?"

"Barci ya yi. Nan ba Hambantota ba ce."

Ya cire baƙar hular, ya bar ta ulu, ya tsaya a tsakiyar hanya kamar ɗalibin da aka kama. Bai ko rage murya ba.

"Nona, ni ban san komai a mota ba. Ban taɓa mallaka ba, ban taɓa tuƙawa ba. Keke gare ni. Bas ɗin nan da nake hawowa, tun daga gindin dutse nake amai har tasha, kwandasta ya san ni, leda yake ajiye min. Duk abin da nake gaya miki, wani Bature ne a waya yake kwance irin motar nan, ni kuma ina haddacewa kamar karatun allo. Ya nuna wurin nan ya ce a sa mai. Na ce in dai mai ne, ai babu wanda ya fi nawa."

Wata tsohuwa cikin masu shayi ta ce, "Ayyo, bawan Allah!"

Na ce, "To wa ya aike ka? Wa ya ce sai ka zama bakanike?"

"Ke."

"Ni?"

"A bikin nan na zauna ina kallonki. Duk wanda ya gaishe ki, kalma ɗaya kike ba shi ki rufe fuska. Wanda ya tambayi motar kuwa, sai ki saki jiki har ki yi murmushi. Na ce to, ƙofar gidan nan ta gareji ake shiga." Ya murza hular a hannu. "Ni tsoronta ma nake ji. Ji nake za ta fashe. Shuɗiyar rigar nan kuwa tun ranar farko na gan ta, na rasa ta inda zan fara, sai na tambayi ruwan burki."

Na sunkuya cikin inji kamar ina neman wani abu, don kwallina ya fara tafiya.

"Riƙe fulas," na ce masa.

Na jiƙa tsumma da shayi mai zafi, na naɗe butocin nan biyu. Shi yana tsiyayawa, rabi a tsumma rabi a ƙafata. Da man ya farka na tsotse shi da tsumma tas, na ɗauko 'yar gwangwanin bakin mai da ba na rabuwa da ita, na ɗiga. Hanya gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin suya. Na tayar, na taka, Baturiya ta yi gurnani har tsuntsaye suka tashi. Mata suka yi guɗa irin tasu. Kamalam ta ɗaga murya, "Akka, a ɗaura da motar ko da ke?"

Ya shiga ya naɗe ƙafafu. Muna cikin hawa ya ce, "To, Nona, me kika ce?"

"Ba ka tambayi komai ba."

"Ina tambaya yanzu."

"Hannunka ba zai ƙara taɓa murfin motar nan ba har abada."

"Na rantse."

"Kuma ba zan sauka Hambantota ba, zafi yana ɓata mata rai."

"Ni zan hawo. In na hawo gaba ɗaya ai na huta da amai."

"To riƙe hularka, akwai kwana a gaba."

Mun zaga tafkin. Idonsa a rufe ya yi rabin tafiyar, yana karanto duk addu'ar da ya sani, ya ce bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Kafin mu dawo gida labari ya riga ya isa Kolombo, an ƙara masa gishiri: wai baƙon ya lalata motar marigayi, wai da gangan ya yi don ta mutu in sayar masa da araha. Abin da kuka tarar muna yi ke nan.

Yauwa, ga ta nan ta sake kira, ta gama fyace hancin. Ku tsaya, ba zan katse ku ba, ku ji da kunnenku.

Na'am, Mazina. E, ya zuba. E, a gaban mutane. A'a, ba ta lalace ba, ta fi mijinki lafiya. Ke dai tsaya, kin yi naki, yanzu ki saurara. Tun rasuwar ubanki maza nawa suka hawo dutsen nan? A cikinsu akwai wanda ya taɓa kuskuren man da take sha? Har mijinki ya sani, kuma ni ban taɓa gaya masa ba. To wannan man kwakwa ya ɗura mata, da bismillarsa. Mutumin da bai san ta inda ake buɗe mota ba, yake amai a bas tun daga gindin dutse har nan, ke da kika yi makaranta ki gaya min: me yake zuwa nema a gidan da babu kowa sai ni da ita?